Hannuna ne ke da gaggawa, ko da gangan suke sauya wa maɓallai waje?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah ina da tambaya ga masu ilimin waya a gidan nan. Ni dai sana'ata sayar da atamfa da leshi ta waya, kullum sai na ɗora hoton kaya, to manhajar da nake ɗorawa a kai hannuna ya riga ya haddace wajen alamar ɗora hoto, ko ban duba ba yatsana can yake zuwa. Kwanan nan wayar ta sabunta kanta cikin dare, da safe na ɗauki hoton sabbin kaya na kai yatsa inda na saba sai kawai bidiyo ya buɗe da kiɗa, ga baƙi zaune a falo. Na fita na dawo, yatsan ya sake komawa can, kuma har yau haka nake fama. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk faɗin fuskar wayar nan ba su ga inda za su ajiye bidiyon ba sai daidai wajen da kowa ya saba dannawa? Maigidana ya ce ni ce ke da gaggawa, ni kuma raina bai kwanta da hakan ba. Shin haka kawai abin ke faruwa ko da gangan ne?

Ummi_Ɗaliba:
Wa alaikumus salam Anti. Wlh ba ke kaɗai ba ce, ni ma haka. Wace manhaja ce taki?

Maman_Ilham:
Ummi ba sai na kira suna ba, duk kanwar ja ce. Wadda ba ta yi bana ba ta yi bara.

Malam_Habu:
Hajiya ki yi haƙuri amma ni ina tare da maigidanki. Kamfani ne ya gina abinsa, kyauta muke amfani da shi, in ya ga dama ya sauya tsari ai ba sai ya nemi izininmu ba. Mu ne muka maida waya kamar numfashi, ido a rufe ma muna dannawa. Sabo turken wawa. Mutum ya riƙa duba abu kafin ya taɓa, shi ke nan an kashe magana.

Injiniya_Bash:
Malam Habu da girmamawa, maganar ba ta kasu ba tukuna. Ni aikina ke nan, gina manhajoji, kuma abin da Hajiya ta hango gaskiya ne, sanannen abu ne a wannan sana'ar.

Ga misalin da duniya ta gani da idonta. A watan Nuwamba 2020 Instagram ta sauya layin ƙasa na manhajarta. Alamar ƙari da ke tsakiya, wadda mutane suka shafe shekaru suna dannawa don ɗora hoto, aka ɗauke ta aka kai sama can gefen dama, aka sa Reels, wato sashen gajerun bidiyo, a gurbinta. Alamar zuciya da ake duba waye ya yi maka layik ita ma aka kai ta sama, aka sa shagon sayayya a wajenta. Ku duba da kyau, wurare biyu da hannun mutane ya fi sabawa da su, su aka bai wa abubuwa biyu da kamfanin ya fi buƙatar mutane su shiga: Reels saboda gasar da suke da TikTok a lokacin, shago kuma saboda kuɗi. Mutane sun yi ta ƙorafi. Sai a Fabrairu 2023 suka cire shagon daga layin suka maida alamar ƙari tsakiya, amma Reels bai bar layin ƙasa ba, gefe kawai ya matsa, don zuwa lokacin ya riga ya zauna.

Kuma ba a banza ake rububin layin ƙasa ba. Tun 1954 wani masani Paul Fitts ya nuna cewa saurin da hannu ke kai wa ga abu ya dogara ne da kusancinsa da girmansa. Waya a hannu ɗaya, babban yatsa ƙasa yake yawo, sama kuma sai ka miƙa ko ka sa hannu na biyu. Duk abin da aka ajiye a ƙasa an ba shi fili mafi tsada, abin da aka kai sama kuwa an rage masa kasuwa.

Malam_Habu:
To Injiniya ai ka faɗa da bakinka, kasuwa ce. Ɗan kasuwa ya sa hajar da yake so a saya a gaba, ina laifi?

Injiniya_Bash:
Sa haja a gaba daban, amfani da kuskuren hannun mutum daban Malam. Da sun ƙara Reels a wani sabon gurbi, wanda yake so ya je, babu mai magana. Amma a ɗauke abin da ka zo nema a dasa wani a daidai wajen, an san hannunka zai riga idonka isa, wannan ba zaɓinka ba ne ya kai ka.

Dr_Mairo:
Barkanku. Bari in sa baki ta ɓangarenmu, don shawarar "ka duba kafin ka taɓa" tana da daɗin faɗa amma ba haka aka halicci ƙwaƙwalwa ba.

Abin da muke cewa hannu ya saba, ba a tsokar hannun yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, sai dai ba a sashen da muke tuna labari ko suna da shi ba. In mutum ya maimaita motsi sau da yawa, aikin yana komawa hannun wasu sassa na can ciki da kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, sai a dunƙule motsin gaba ɗaya ya zama abu guda da ke tashi da zarar an ga alamar farawa. Shi ya sa kike iya danna lambar sirrin katinki a na'urar cire kuɗi cikin sauri, amma in aka ce ki faɗe ta da baki sai kin ɗan tsaya kin motsa yatsu a iska.

Akwai wani majinyaci da duk ɗalibin likita ya san labarinsa, Henry Molaison, a Amurka. A 1953 aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya aka cire wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ta ɓangarori biyu, daga nan bai ƙara iya riƙe sabon abu ba, za ku gaisa yanzu anjima ya manta ya taɓa ganinki. Wata masaniya Brenda Milner ta ba shi aikin bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai, aiki ne mai wuya don komai a juye yake. Kwana uku yana yi, kullum yana ƙara ƙwarewa, amma duk sanda aka kawo masa ba ya tuna ya taɓa yi. Hannu ya koya, shi bai sani ba.

To Maman Ilham abin da ke faruwa da ke ke nan. Kin sani sarai an sauya wajen, amma sanin yana wani sashe, motsin yana wani sashe, kuma motsin ya fi sauri. Ba gaggawa ba ce, lafiyayyar ƙwaƙwalwa ce ke aikinta. Da za mu riƙa tunani kan kowane motsi da ko tafiya ba za mu iya ba.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Likita, wlh kin cire min wani nauyi. Zan nuna wa maigidan wannan.

Direban_Tirela:
Likita ta yi gaskiya. Mu direbobi mun san wannan, ka saba da motar da sigina ke hannun hagu, ran da aka ba ka wadda sigina ke dama kana zuwa kwana sai ka kunna waifa, rana tsaka ba ruwan sama. Ba rashin iya tuƙi ba ne. Amma bambancin shi ne a mota babu wanda ke samun ko sisi in na kunna waifa, a waya kuwa duk kuskuren da hannuna ya yi akwai mai ƙirgawa yana karɓar kuɗin talla. Ni nan ne abin ke min ciwo.

Sadiq_Farmcenter:
Oga direba ka taɓo inda yake. Ni gyaran waya nake, kuma wlh mafi yawan wayoyin da ake kawo min wai sun yi nauyi ko suna cin data, in na buɗe sai in tarar da manhajoji birjik waɗanda mai wayar ya rantse bai san sanda suka shigo ba. Yawanci daga talla ne. Talla ta rufe fuskar waya, mutum ya kai yatsa kusurwar sama ta dama don ya san nan alamar rufewa take, ashe ta bogi ce an zana ta a jikin hoton, ta gasken ba ta fito ba sai bayan wasu daƙiƙu, ko kuma ƴar mitsitsiya ce launinta ya saje da bango. Yana taɓawa sai ta jefa shi wajen saukar da wasa ko manhajar bashi. Jiya ma wani dattijo ya kawo tasa, na zauna ina goge masa su ɗaya bayan ɗaya yana ta salati, ya ce shi karatun Alƙur'ani kawai yake saurare da ita sai kiran ƴaƴansa.

Ummi_Ɗaliba:
Yaya Sadiq ni har na taɓa jin labarin tallar da aka zana gashi a jiki, gsky ne?

Injiniya_Bash:
Gaskiya ne Ummi, a ƙarshen 2017 ne. Wani mai sayar da takalma ya sa talla a Instagram da zanen silin gashi a kan hoton, kai ka ɗauka gashi ne ya faɗo kan gilashin wayarka, kana sharewa da yatsa sai shafawar ta buɗe shafinsa. Instagram ta cire tallar ta kuma hana shi sake talla. Wannan kam ko Malam Habu ba zai ce ba yaudara ba ce.

Malam_Habu:
A'a wannan yaudara ce tsantsa, ban musa ba. Amma wannan ɗan damfara ne can, ba kamfanin ba, kuma ka ce kamfanin ma ya hukunta shi. Inda nake ja shi ne a ce manyan kamfanoni suna zama a teburi su ce bari mu yaudari yatsun mutane. Zato zunubi ne, ba mu shiga zuciyarsu ba.

Injiniya_Bash:
Malam wannan tambaya ce mai kyau kuma amsarta ta fi ban tsoro a wajena. Sau da yawa ba a buƙatar kowa ya zauna ya ƙulla mugunta. Yadda ake yi shi ne a raba masu amfani gida biyu, a bar wa kashi ɗaya tsohon tsari a ba ɗaya sabo, bayan ɗan lokaci a duba lambobi. In lambar masu buɗe bidiyo ta hau, sai a ce sabon tsari ya yi nasara a baza wa kowa, wanda ya kawo shawarar ma a yaba masa. Lambar nan kuwa ba ta bambanta wanda ya shiga don yana so da wanda yatsansa ya zame, duk dannawa ce. Kuma cikin waɗanda suka zame wasu za su tsaya su kalli ɗaya, daga ɗaya sai biyu, tunda bidiyon ba ya ƙarewa.

Amma kar a ce ba za su iya ganewa ba. Suna iya auna mutum nawa suka shiga suka fice cikin daƙiƙa ɗaya, wannan alamar kuskure ce ƙarara, duk mai wannan aikin ya sani. In ka ga an bar abin a haka to an gani ne aka zaɓi a bari.

Ku tuna ma irin gwajin nan ya taɓa kuɓuce musu a Disamba 2018, mutane suka wayi gari Instagram ta koma shafawa gefe maimakon sama da ƙasa, aka yi ca, cikin ɗan lokaci suka mayar, shugabanta Adam Mosseri ya ce ƙaramin gwaji ne ya bazu fiye da yadda suka nufa. Kullum cikin gwaji muke.

Lauya_Nura:
Malam Habu batun ba mu shiga zuciyarsu ba, ai hukumomi sun shiga takardunsu. A Disamba 2022 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 245 don a maida wa mutane kuɗinsu, kan zargin cewa an jera maɓallan ta yadda dannawa ɗaya cikin kuskure sai a cire maka kuɗi, ko kana ƙoƙarin tayar da wasan daga barci, ko kana son duba kaya kawai ka taɓa na kusa da shi. Hukumar ta ce ƙorafi sama da miliyan ɗaya kamfanin ya yi biris da su, har da gargaɗin ma'aikatansa. Sai kuma Amazon, a Satumba 2025 ta amince da biyan dala biliyan 2.5 kan zargin sa mutane rajistar Prime, tsarinta na mambobi masu biyan kuɗi, ba da yardarsu ba da wahalar da su wajen fita.

Tun 2010 wani Bature ɗan Ingila Harry Brignull ya fara tattara irin waɗannan dabarun a shafinsa yana rarraba su iri-iri, yanzu kuma har dokar Tarayyar Turai kan ayyukan intanet, a sashe na 25, ta hana manyan dandali tsara fuskar manhaja ta yadda za ta yaudari mutum ko ta murɗe zaɓinsa. Ba zato ba ne, abu ne da ke cikin doka.

Ɗan_Maraɗi:
Sannunku da hira. Lauya in ƙara maka, a Faransa ma an yi. Janairu 2022 hukumar kare bayanan mutane ta ƙasar, CNIL, ta ci Google tara yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, dalili shi ne in kana son ka yarda a bibiye ka dannawa guda ce, in kana son ka ƙi sai ka bi ɗaki bayan ɗaki. Mu nan wahalarmu ta fi, saboda wayar da faransanci take ko turanci, mutane da yawa ba karantawa suke ba, launi suke bi da wuri. Mahaifiyata ta san kore shi ne amsa kira, ja shi ne kashewa, babban maɓalli mai launi shi ne a ci gaba. Duk abin da ya fito mata babba mai launi shi za ta taɓa, ko mi aka rubuta a kai. Wanda ya tsara abin kuma ya san akwai miliyoyin irinta.

Maman_Ilham:
Wannan gaskiya ne ɗan'uwa, kwastomomina da yawa saƙon murya kawai suke iyawa, ranar da aka matsar da wani abu sai sun nemo yaro ya nuna musu.

Malam_Habu:
To ai Ɗan Maraɗi ka dawo kan maganata, matsalar ilimi ce. A koya wa mutane karatu.

Dr_Mairo:
Malam ilimi na da amfani amma ba ya maganin wannan. A 2016 Microsoft ta yi wa masu kwamfuta haka lokacin da take son kowa ya koma Windows 10. Sanarwa ta fito, mutum ya danna jan maɓallin rufewa na kusurwa wanda shekara da shekaru ma'anarsa a'a, sai kwamfutar ta ɗauka ya amince da lokacin da aka tsara mata ta sabunta kanta. Waɗanda abin ya shafa ai masu karatu ne, ƴan ofis da malaman jami'a. Daga baya babban jami'in tallan kamfanin na lokacin, Chris Capossela, ya amsa cewa sun wuce gona da iri. Wanda ya fi ƙwarewa ma shi ya fi saurin faɗawa, don shi ne hannunsa ya fi gudu.

Abba_Kwallo:
Ni dai tambayata, shin duk sauyi ne yaudara? Don in haka ne sai a ce kar a taɓa gyara komai har abada. WhatsApp ta sauko da layinta daga sama zuwa ƙasa a wayoyin Android a 2024, an yi ta surutu, yanzu kowa ya saba kuma ni na ga ya fi sauƙi da hannu ɗaya.

Injiniya_Bash:
A'a Abba, ba duka ba. Ni abu uku nake dubawa in na ga sauyi: wa ke cin ribar kuskuren, an sanar kafin a yi, sannan akwai hanyar komawa. Misalin da ka kawo hirarrakinka suna nan a farko, kuskuren bai kai ka wajen kashe kuɗi ba. Akwai ma wanda sakaci ne kawai, kamar Agusta 2021 da Twitter ta juya launin maɓallin folo, wanda ba ka bi ba ya zama cikakken launi, wanda kake bi ya zama fanko, akasin yadda ido ya saba, mutane suka riƙa cire waɗanda suke bi ba da niyya ba. Ban ga ribar da kamfanin ya ci a nan ba, rashin tunani ne.

Kuma suna iya amfani da wannan ilimin ta hanyar kirki in sun so. A Janairu 2019 WhatsApp ta taƙaita tura saƙo zuwa hira biyar a lokaci guda a duk duniya, a Afrilu 2020 ta maida saƙon da aka yi ta yaɗawa zuwa hira ɗaya tak, suka ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Twitter ma a 2020 ta riƙa tambayar mutum ko ya karanta labari kafin ya yaɗa. Wato sun san daidai inda za su sa wa hannu birki. Shi ya sa in na ga wajen biyan kuɗi ko wajen amincewa babu birki ko kaɗan, wajen fita kuma birki biyar, ba na cewa mantuwa ce.

Baba_Ritaya:
Assalamu alaikum ƴaƴana. Ina ta karantawa a hankali. Ni ba na shiga waɗannan na hotuna, amma abin da kuke faɗa yana faruwa ko a ƙaramar waya. Ina cikin duba kati sai wani saƙo ya faɗo kan fuskar wayar daidai lokacin da zan danna na'am, sai in ji an ce an sa ni cikin wani tsarin labaran wasanni ko kacici-kacici, kullum ana zaftare min kati. Kuɗin fansho ne, ba yawa gare shi ba. Wannan ma yana cikin abin da kuke magana ko daban ne?

Lauya_Nura:
Wa alaikumus salam Baba, yana ciki dumu-dumu, wannan ma ya fi muni don kuɗi ne kai tsaye. Hukumar sadarwa NCC tana da layin ƙorafi kyauta, 622, in ka kai kuka wajen kamfanin layinka ba su share maka hawaye ba.

Abba_Kwallo:
Af, NCC ɗin ma ai ta sauya mana lambobi a 2023, duba kati ya koma 310, sa kati 311, sayen data 312, har yau wani lokacin tsohuwar lambar hannuna ke dannawa.

Sadiq_Farmcenter:
Wannan ai an yi ta shela kafin a yi Abba, kuma duk layuka aka haɗe lamba ɗaya don sauƙi, in ka danna tsohuwar ma ba a cire maka komai. Irin sauyin da Injiniya ya ce ba laifi ke nan.

Ummi_Ɗaliba:
Ni fa abin da ya fi damuna ba maɓallin da aka matsar ba ne, wanda ba a matsar ba ne. Zan ɗauki waya don in duba jadawalin lakca, kafin in ankara ina cikin bidiyo, ban ma tuna sanda na buɗe ba, kuma in na rufe sai yatsan ya sake buɗe ta nan take. Lokacin jarabawa har kuka na yi wlh. Wannan waye ya sauya min wani abu? Babu. Amma ji nake kamar ba ni ke riƙe da hannuna ba.

Dr_Mairo:
Ummi ƙanwata kar ki tsani kanki, hanya ɗaya ce da ta Maman Ilham, sai dai ke an gina miki wannan sabo ne tun daga tushe. Jan fuskar waya ƙasa don sabon abu ya fito, Loren Brichter ne ya ƙirƙiro shi a manhajar Tweetie wadda Twitter ta saya a 2010, gungurawa marar ƙarshe kuma Aza Raskin a 2006, kuma dukansu biyu sun fito daga baya sun nuna damuwa kan abin da ya zama. Sirrin shi ne ba kullum kike samun abu mai daɗi ba, wani ja a samu wani ja babu, kuma tun gwaje-gwajen masanin halayya B.F. Skinner aka san ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi kama hali.

Abin da nake ba marasa lafiyata shawara, yi amfani da dabarar a kansu. Ɗauke manhajar daga inda take a fuskar wayarki ki kai ta shafi na ƙarshe cikin jaka, ki sa abin karatunki a gurbinta. Yatsan zai je wajen ya tarar da wani abu, wannan ɗan tsaikon shi ke ba hankali damar ya iso. In kin ga ya koyi sabon wajen ki sake matsarwa.

Malam_Habu:
To Alhamdulillah, Likita da kanta ta ce gyaran na hannunmu. Abin da nake faɗa tun farko ke nan.

Direban_Tirela:
Malam ba haka ta ce ba fa. Ta ba yarinya dabarar kare kanta ne, ba ta wanke masu abin ba.

Malam_Habu:
Ban ce ta wanke su ba. Na karɓi maganar Lauya, inda aka ci kuɗin mutane a hukunta. Amma matsar da alama daga ƙasa zuwa sama har yanzu ban ga kotun da za ta kama wani a kai ba, kuma in muka zauna jiran hukuma ƴaƴanmu ne za su lalace kafin ta iso.

Abba_Kwallo:
Ai Najeriya ma ta ci Meta, kamfanin Facebook da Instagram da WhatsApp, tara kan irin wannan ko Lauya?

Lauya_Nura:
An ci tarar amma ba kan maɓalli ba Abba. Hukumar gasa da kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ce a Yuli 2024, dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafin gasa da kare masu sayayya ta tabbatar a Afrilu 2025. Batun bayanan mutane ne da tsarin sirrin WhatsApp na 2021, wanda ya riƙa fitowa mutane yana neman su amince. Inda ya haɗu da hirarmu shi ne yawancinmu mun danna amincewa ne don mu samu mu shiga saƙonninmu, kuma tambayar da lauyoyi ke yi ita ce ko irin wannan dannawar ta cancanci a kira ta yarda. Malam Habu kuma yana da gaskiya a abu ɗaya, matsar da alama kaɗai yana da wuyar kamawa a shari'a, sai an nuna cutarwa.

Maman_Ilham:
To ni yanzu in kashe sabuntawar nan da waya ke yi da kanta ne kawai in huta?

Sadiq_Farmcenter:
Hajiya kina iya kashewa a setin na Play Store, amma ban ba ki shawarar ki bar su haka ba gaba ɗaya, musamman manhajar banki da wadda kike hira da kwastomomi, don sabuntawar tana toshe ƙofofin ɓarayi. Kuma wani sauyin daga can wajensu suke kunno shi ko ba ki sabunta ba, shi ya sa za ki ga wayarki ta sauya ta maƙwabciyarki ba ta sauya ba alhali iri ɗaya ce. Abin da zai taimake ki yanzu, ki rage ƙarar kafofin sauti ki bar ta kira kawai, sannan ki kunna tsarin tsimin data a cikin manhajar.

Ummi_Ɗaliba:
Likita na matsar da su yanzun nan. Kwana nawa kafin hannu ya daina?

Dr_Mairo:
Ya danganta da mutum Ummi. Binciken Phillippa Lally a Landan ya samu matsakaicin kwana 66 kafin sabon hali ya zauna, wasu 18 wasu har 254, amma wannan kan halaye ne irin su motsa jiki da cin abinci. Wajen alama a waya hannu kan koya da wuri fiye da haka, shi ya sa na ce ki riƙa matsarwa. Ki kashe sanarwarsu ma, ita ce ke kiran hannun tun farko.

Baba_Ritaya:
Nura na gode, Allah ya yi albarka. Wani yaro ya ce min akwai lambar da ake turawa a daina turo saƙonnin tallan gaba ɗaya, wacce ce?

Sadiq_Farmcenter:
2442 ce Baba, ka rubuta STOP ka tura mata, kyauta ne. Amma wanda aka riga aka sa ka a ciki ba lallai ya fita da wannan ba, sai ka kira kamfanin layin ka ce su karanto maka duk tsarin da ke kan lambarka su cire, kar ka kashe wayar sai saƙon cirewar ya shigo.